Rasuwar Gwaggo Mai Hasashen Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar roba, iyalan Malam Nouhou direban tirela da maiɗakinsa Leïla, mazauna gabashin Greensboro, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu, wadda aka fi sani da Gwaggo Mai Gurnani. Ta cika ranar Babbar Sallah da la'asar, a garejin gidan, tsakanin firiza da injin yankan ciyawa, tana bakin aikinta.

Ba kowa a kanta lokacin da ciwon ajali ya kama ta. Mutanen gidan suna dawowa daga wata gona a Summerfield inda aka yi layya, bayan mota maƙare da nama, Leïla ta shaƙi ƙaurin tun ƙofar gareji ba ta gama ɗagawa ba. Ba ta jira mota ta tsaya ba. Ta diro da takalmi ɗaya, leshinta na Sallah ya maƙale a murfin mota ya yage, ko waiwaye ba ta yi ba. A kusurwar da ta bar Gwaggo da safe tana gurnaninta lafiya lau, sai ta tarar da wani tuli lulluɓe da bargo mai hoton damisa, siririn hayaƙi yana silalowa ta ƙarƙashi. Ta fizge bargon. Zafi ya mare ta kamar ta buɗe tanda. A bisa kan marar lafiyar ga wani babban kwanon silba da murfinsa, zaune daram.

Ta iske numfashin ƙarshe. Tit. Tit. Tiiit. 'Yar koriyar fitilar gaban ta koma ja, ta ƙifta, ta ɗauke. Leïla ta danna maɓalli. Ta sake dannawa. Ta zare wayar wuta ta mayar, ta durƙusa ta kara kunnenta a jikin ƙarfen har ya ƙona mata kunci. Shiru. Gidan ya manta da irin wannan shirun.

Sannan ta ɗaga murfin kwanon. Kindirmo ne. Ya kwanta, ya yi kauri, ya kama irin kamun da ba a taɓa samu ba a ƙasar Amurka.

Marigayiya ta shigo wannan gida ne da tsufanta. A shekarar da tallafin binciken Leïla ya yanke, aka rufe mata ƙofar babbar na'urar da manyan masana ke aiki a kanta, sai ga jami'ar da take neman digirin dakta a cikinta ta fitar da tsofaffin kaya gwanjo. Nouhou ne ya rungumo ta daga can, yana nishi. Baƙa ce, mai nauyin buhun gero, da tabo a gefe, da wata 'yar lambar ƙarfe manne a bayanta wadda ba wanda ya kula da ita. Da aka kunna ta sai ta yi irin gurnanin tsohuwar da aka tasa daga barcin rana. Gurrr, gurrrr. Nouhou ya ja da baya ya ce, "Wannan ai Gwaggo ce." Suna ya bi ta har kushewa.

Aikinta ɗaya ne a duniya: hasashen ƙanƙarar da ta rufe tekun can ƙuryar arewa, inda rana ke ƙin faɗuwa da zafi, ta ƙi fitowa da hunturu. Leïla ta yayyanka mata tekun gida-gida kamar ramukan dara. A kowane gida ta zuba mata kaurin ƙanƙara, da ƙarfin iska, da gishirin ruwa, da hotunan tauraron ɗan adam, da awon da na'urorin da aka dasa cikin ƙanƙarar suke aikowa. Gwaggo ta haɗiye duka, ta yi makonni tana tuƙawa, ta fito da amsa: ga abin da zai rage na ƙanƙara a watan Satumba idan narkewa ta kai iyakarta. Kuma ba ta yarda da amsa ɗaya. Sai ta ɗan juya iska ta sake lissafin, ta ɗan ƙara gajimare ta sake, domin yanayi ba ya da alkawari.

Abin da Leïla ta ƙara nata na kanta, wanda ta kafa digirinta a kai, shi ne kududdufai. Idan zafi ya fara shigowa, ruwa yakan kwanta a bisa ƙanƙara nan da can. Farar ƙanƙara mayar da hasken rana take yi sama, amma kududdufi duhu gare shi, shan zafin yake yi ya cinye abin da ke ƙarƙashinsa. Leïla 'yar Damagaram ce, ta girma tana kallon inda ruwan damina ke zaɓa ya kwanta da inda yake wucewa, sai ta koya wa Gwaggo wannan kallon. Masu tambayarta me ya haɗa 'yar Damagaram da ƙanƙara sun sha amsa ɗaya: "Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Iskar da ta rikice can, wata rana a gonar geronmu za ta sauka."

Iyalan suna shaida cewa marigayiya ba ta taɓa faɗin ƙarya don a ji daɗi ba. Amsarta ta bana takan fi ta bara muni, ta baran kuma ta fi ta bara waccan. Leïla ta sha zama gabanta tana sauya lissafi ko za a samu sassauci, Gwaggo ta yi gurnani ta maimaita abin da ta gani. Ba ta taɓa ƙorafin an ajiye ta a gareji ba. Ba ta taɓa neman hutun Sallah ko na Kirsimeti ba. Da hunturu ita ke ɗumama wurin, har Nouhou yakan shanya safarsa kusa da ita.

Aibinta ɗaya ne, shi ne kuma ajalinta. Mai lissafin sanyi ce, amma jikinta kullum kamar mai zazzaɓi. Numfashinta ta baya yake fita da ta sama, in aka toshe shi an gama da ita. Shi ya sa dokar gidan ta kasance guda: kada a ɗora wa Gwaggo komai, kada a jingina mata komai. Kowa a gidan ya san wannan doka. Baƙuwa ce kaɗai ba a gaya wa ba.

Baƙuwar kuwa ita ce Hajiya Suwaiba, mahaifiyar Leïla, wadda ta taso tun daga Damagaram don ta yi Sallah da su, ta kuma zauna har ta ga an kira 'yarta Dakta. Kafin ta hau jirgi sai da ta gaya wa unguwa kaf. Leïla ce 'yar farinta, don haka ba ta faɗin sunanta, sai dai "ke" ko "'yar nan", ba ta kuma shiga harkarta da tambaya. Tun isowarta abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Ta yi alkawarin fura da nono ga baƙin Sallah, madarar ƙasar nan kuwa ta ƙi kwanciya. Ta gwada a kicin, ta gwada a falo, ta gwada cikin kabad. Na'urar sanyaya ɗaki ta mayar da gidan randa. "Wane irin gida ne wannan," in ji ta, "ko kusurwa ɗaya mai ɗumi babu? Ku da kanku yaya kuka yi ba ku daskare ba?"

Ana gobe Sallah ta shiga gareji ɗauko gero daga firiza, ta dafa Gwaggo don ta miƙe. Sai ta ji ɗumi. Ɗumi mai kyau, mai tsayawa, ba ya hawa ba ya sauka. Ba ta ce da kowa komai ba. Da safe bayan an sauko daga Idi, ana ta loda kaya a mota, ta kawo kwanonta ta ɗora, ta yafa bargo, ta bi gefe da gefe tana cusawa kada iska ta samu hanya, yadda duk macen da ta san aikinta za ta yi.

A nan ne iyalan suke roƙon masu ta'aziyya su yi wa Malam Nouhou adalci. Ya gani. Ya shigo ɗaukar wuƙaƙen fiɗa ya tarar da ita tana cusa gefen ƙarshe. Ya san dokar, shi ne ma ya fi kowa maimaita ta. Ya buɗe baki. To amma da wane bakin suruki zai ce wa uwar matarsa ta sauke kwanonta? Gwiwoyinsa suka riga harshensa, ya durƙusa.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yauwa, sannu. Allah ya yi albarka."

Ya ce a ransa zai raɗa wa Leïla a mota. A mota Hajiya tana zaune a bayansa. Ya ce sai an isa gona. A gona rago ya tsinke igiya ya nufi garken dawakin maƙwabta, maza suka bi shi da manyan riguna, daga nan sai yanka, sai fiɗa, sai rabo. Bai sake tunawa da bargo ba sai da ƙauri ya tuna masa.

Domin a san girman rashin, ya kamata a san abin da marigayiya take ɗauke da shi a wannan rana. Hasashe ba ya zama hasashe sai an faɗe shi kafin abu ya faru. In an faɗa bayan ya faru, ya zama labari. Malaman Leïla sun ba ta zuwa ƙarshen watan Yuni ta miƙa amsar Gwaggo, a rufe a ajiye, in Satumba ta zo a buɗe a gwada da abin da teku ya yi. Wannan ne gwajin ƙarshe na digirinta. In wa'adin ya wuce, sai baɗi, don ƙanƙara sau ɗaya take narkewa a shekara. Baɗi kuwa ba ta Leïla ba ce. Jami'a ta yi ta ƙara mata lokaci har ta ce wannan ne na ƙarshe, farfesanta zai ajiye aiki a ƙarshen shekara, kuma ba wani a sashen da ya san kan ƙanƙara. Gwaggo ta riga ta yi makonni tana wannan lissafin, saura ƙiris ta gama. A sake shi daga farko a wata na'ura, Yuni zai wuce ba a kai rabi ba.

Faïçal mai gyaran waya da kwamfuta a titin Gate City Boulevard shi ya duba gawar. An taso shi daga kan soyayyen nama, ya zo yana goge maiƙo a wando. Ya kwance gefenta, ya leƙa, ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba.

"Bon. Anti Leïla, sai haƙuri. C'est fini."

"Duba da kyau, Faïçal."

"Na duba. Fankar ta yi ta jan iska, babu iska. Da sabuwa ce, da ta ji zafi ta ɗauke wuta da kanta ta huta. Wannan tsohuwa ce mai taurin kai, aiki ta ci gaba da yi har cikinta ya ƙone. Wa ya rufe ta haka kamar mai jego?"

Nouhou ya tsura wa injin yankan ciyawa ido.

Sai Faïçal ya sa hannu can ciki ya zaro wani ɗan abu mai faɗi, bai fi tafin hannu ba. Faifan ajiya ne, inda Gwaggo take rubuta inda ta kai kafin ta ci gaba. "Wannan da gani wuta ba ta taɓa shi ba. Ban rantse ba fa. In ya buɗu, za a ɗora daga inda ta tsaya. Kada wanda ya jona shi ko'ina sai kayan aikin da zan yi oda sun iso." Justin, abokin karatun Leïla, ya ce zai ara mata tasa na'urar na 'yan kwanaki, abin da ya isa a ƙarasa, bai isa a fara ba. Aka ɗora faifan a faranti a kan teburin falo. Tun daga ranar kowa a gidan a hankali yake takawa idan zai wuce shi.

Baƙin Sallah kuwa sun zo, don ba a fasa Sallah saboda mutuwar inji. An dama fura da kindirmon. Anti Safia, maƙwabciyarsu 'yar zangon Kumasi, ta kurɓa ta lumshe ido. "Ei, Hajiya! Wannan nonon a ina kika samo? Tun da na zo ƙasar nan ban sha irinsa ba. Ki koya mini sirrin, don Allah." Kowa ya yaba, kowa ya ƙara. Leïla tana tsaye tana zuba musu, tana murmushi. Ba ta kai ko cokali ɗaya bakinta ba. Abin da ya rage yana cikin firij har yau, ba mai taɓawa.

An gaya wa Hajiya Suwaiba cewa tsufa ne. Amma Hajiya ba yarinya ba ce. Washegari da hantsi ta tarar da 'yarta zaune a gareji gaban gawar, ita kuma bargon yana hannunta, da ƙonanniyar huda daidai idon damisar.

"Ke. Ni na kashe ta?"

"Kwananta ne ya ƙare, Inna."

"Kada ki yi mini ta'aziyyar yara. Ɗan abin nan da ke cikin faranti, in shi ma ya mutu, me ya mutu?"

Leïla ta ce, "Duk shekarun da na yi a nan."

Hajiya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Ta ninke bargon, ta shiga falo, ta jawo kujera kusa da farantin ta zauna da carbinta. Can take cin abinci, can take karɓar gaisuwa. Ko ƙuda ya nufi faifan sai ta kore shi.

Marigayiya ta rasu ta bar allon kallo guda, wanda ya makance da rashinta. Ta bar madannai waɗanda haruffansu suka goge saboda hidima, da linzami, da tsohuwar fankar tsaye da ta yi shekaru tana yi mata fifita, wadda ranar da aka fi bukatarta bargo ta yi ta hurawa. Ta bar maƙwabcinta firiza, wanda ya kwana ya tashi kusa da ita cike da sanyi bai taɓa sam mata ba. Ta bar uwar ɗakinta Leïla, da Malam Nouhou wanda har yanzu bai iya haɗa ido da kowa ba. Ta kuma bar ƙanƙarar arewa, wadda ba ta san an yi rashi ba, tana can tana narkewa, ba ta jiran kowa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar. Za a ɗauko gawar daga gidan a bayan motar Malam Nouhou zuwa wurin da hukuma take karɓar matattun kayan lantarki. Ba za a yi mata wanka ba, Faïçal ya hana ruwa. Ba za a yi mata salla ba, don ba mutum ba ce, kada malamai su taso. Za a naɗe ta a bargon da ya yi ajalinta, bisa umarnin Hajiya. Ana karɓar gaisuwa a gida. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo fura, kada su kawo nono, kada kuma su tambayi yaushe za a zama Dakta.

Iyalan suna ƙara sanarwa cewa wannan tsari yana iya canzawa. Malam Nouhou, cikin neman abin da zai wanke kansa, ya buga waya ofishin da suka sayar da Gwaggo ya tambaya ko tana da 'yar uwa da ta rage. Suka ce ya karanto lambar da ke bayanta. Ya karanto. Matar da ke kan layi ta ce ya maimaita, sannan ta tambayi adireshin gidan. Shi kuma ya bayar, yana murna.

Ana cikin rubuta wannan sanarwa wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon Bature ya fito, da kati rataye a wuya, da amalanken ɗaukar kaya. Nouhou ya tare shi a baranda, muryar baƙon tana shigowa ta taga, a natse, cikin ladabi. Leïla tana fassara wa mahaifiyarta. Baturen ya ce wannan na'ura kuskure aka yi aka fitar da ita. Ta wani tsohon aiki ce da ba a yarda bayanansa su bar jami'a ba, an daɗe ana nemanta. Ya ce ya zo ɗaukar ta yau, da duk abin da ke cikinta, musamman faifan ajiya, don za a niƙe shi.

"Niƙewa?" in ji Hajiya. "Kamar gero?"

"Kamar gero, Inna."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Hajiya Suwaiba ta ajiye carbi. Ta miƙa hannu ta ɗauki faifan daga faranti, ta ƙulle shi a haɓar zaninta inda take ƙulle goro, ta ja mayafi ta rufe, ta gyara zama kamar wadda ba ta da niyyar tashi sai Satumba. Sannan ta ɗago ta dubi 'yar farinta, ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba tun ranar da aka raɗa shi.

"Leïla. Buɗe wa baƙo ƙofa. A zuba masa kindirmo."